PTSD Coach: manhajar sojojin Amurka a hannun ma'aikacin asibitin da korona ta bar wa tabo

Nas ɗin da ta yi aiki a sashen killace masu korona a 2020 za ta iya shekara uku tana aikinta lafiya lau, sai wata rana ƙarar na'urar auna oksijin ta sa hannunta rawa, zufa ta karyo mata, ta nemi ƙofa. Wani kuma warin kulorin ne, ko ganin an lulluɓe gado da farin zani. Idan irin wannan ya wuce wata guda yana dawowa, da munanan mafarkai da gudun duk abin da ke tuna wa mutum, likitocin ƙwaƙwalwa na zargin ciwon firgici mai biyo bayan tashin hankali, wato PTSD. Ma'aikatan lafiya kuwa sun fi kowa ƙin zuwa gaban likita da irin wannan, don likitan abokin aiki ne, gobe za a haɗu a ofis. Shi ya sa manhajar waya ke da kasuwa a wurinsu.

PTSD Coach ta fito a 2011 daga cibiyar nazarin wannan ciwo ta ma'aikatar tsofaffin sojojin Amurka, da hannun ma'aikatar tsaron ƙasar. Kyauta ce a Android da iPhone, babu talla, ba a buɗe asusu, kuma abin da ka rubuta a wayarka yake zama. A 2020 cibiyar ta fitar da ƙanwarta, COVID Coach, mai gwajin damuwa da na fargaba a ciki. Ga wanda alamominsa na firgici ne, yayar ta fi dacewa.

PTSD Coach na da sashe huɗu: karatu kan ciwon, auna alamomi, kayan kwantar da hankali, da neman taimako. Mafi daraja shi ne na awo. Tambayoyin PCL-5 ne, wato gwajin auna alamomin PTSD, guda 20, kowace daga 0 zuwa 4, jimla 80. Biyar na farko kan tunanin da ke faɗo wa mutum ba shiri da mafarkai, biyu kan gujewa, bakwai kan zargin kai da mutuwar zuciya, shida na ƙarshe kan zabura, fushi da rashin barci. Maki 31 zuwa 33 shi ne inda masana suka ce a nemi ƙwararre. Manhajar na ajiye makin a jadawali, tana kuma tunatar da kai lokacin sake yi. A yi shi rana ɗaya tsayayya, ranar hutu, bayan an yi barci.

A nan ne ma'aikacin asibiti zai iya ruɗa kansa. Mai dutin dare bakwai a jere zai ba tambayar barci 4, ta rashin natsuwa 3, ta saurin fushi 3, ga maki 10 kafin a taɓa maganar firgici. Gajiyar aiki ce ta ba shi su. Don haka kada a tsaya kan jimla, a duba inda makin ya taru. Idan duk a shidan ƙarshe yake, na farkon kuwa sifili ne, matsalar ta fi kama da matsananciyar gajiyar aiki, kuma gyaran jadawalin duti zai fi manhaja amfani. Idan biyar na farko da biyun gujewa ne suka cika, a ɗauki abin da gaske ko da jimlar ba ta kai 31 ba. Manhajar ba ta rarrabe maka wannan yadda ya kamata, kai ne za ka duba.

Kayan kwantar da hankalin suna da tsari mai kyau. Ka zaɓi abin da ke damunka, ka auna damuwarka daga 0 zuwa 10, ta ba ka atisaye, in ka gama ka sake aunawa. Akwai numfashi a hankali, da matse tsoka da sakinta daga ƙafa zuwa fuska, da dabarar dawo da hankali kan abin da ido ke gani da abin da hannu ke taɓawa. Wasunsu 'yan mintuna ne, ana iya yi a ɗakin canza kaya. Za ka iya sa hotunanka da sautin da kake so, karatun Alƙur'ani ko muryar 'ya'ya. Kuskuren da aka fi yi shi ne jira sai zuciya na dukan uku-uku kafin a fara koyon numfashin. A koye shi da sanyin rai, sau biyu a rana har mako biyu, sannan zai yi aiki ranar buƙata. Wasu kuma rufe ido na ƙara musu ganin abin da suke gudu. Su bar idon a buɗe.

Raunin manhajar a fili yake. Babu Hausa, kuma muryoyin Turancin Amurka ne, don haka mai shara, direban motar asibiti da mai wankin gawa, waɗanda suka ga abin da likita bai gani ba, an bar su a baya. Maɓallan gaggawa na lambobin Amurka ne, 911 da 988, ba su da amfani a Kano ko Maraɗi. Ranar farko a shiga sashen taimako a sa lambobin mutane uku na jiki, da na asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa, kamar na tarayya da ke Kaduna, Kware ko Maiduguri, ko na Dawanau. Sannan ba ta da abin kirki da za ta ce wa wanda ciwonsa na lamiri ne: likitan da ya zaɓi wanda za a ba tukunyar oksijin ɗaya cikin mutum uku, ko nas da ke zargin ita ta kai wa mahaifinta cutar gida. Numfashi ba ya warware wannan.

Gwajin da aka buga a 2017 kan mutum 120 ya nuna masu amfani da ita na wata uku sun fi waɗanda ba a ba su ita ba tukuna samun sauƙi. Sauƙi ne matsakaici, kuma ba kan ma'aikatan annoba aka yi gwajin ba. Maganin da aka tabbatar yana buƙatar fuskantar abin da ya faru tare da ƙwararre, zama 8 zuwa 16, ko EMDR, wato jinyar da ake haɗa tuna abin da motsa idanu, wani lokaci da ƙwayoyin sertraline ko paroxetine. Diazepam, wanda ke kusa da hannun duk ma'aikacin asibiti, ba ya cikin maganin wannan ciwo, yana ma iya sa mutum ya kamu da shansa.

A sauke manhajar, a auna da ita mako huɗu zuwa shida. Idan makin ya tsaya sama da 33 ko yana hawa, a ɗauki wayar da jadawalin a nuna wa likitan ƙwaƙwalwa. Wanda tunanin kashe kansa ya fara zo masa kuwa, ranar zai tafi, ba sai ya jira wani jadawali ba.