Dala 240 na biya, ya haɗa ni da gurɓatacciyar dalma

'Yan'uwa mazauna Amurka masu zuba harsashin tsofaffin bindigogin albarushi, ku yi hattara da wani dattijo mai sayar da dalma a bayan motarsa a yankin Dalas. Dala 240 ya ci min. Dala 240, a kan laba 80.

Kada wani ya ce ban san abin da nake yi ba. Shekara shida ina zuba wa libarbata harsashi da hannuna, samfurin Remington na 1858 ƙirar Italiya, mai cin ƙwallon dalma mai faɗin inci .454. Na san ba ta son komai sai dalma zalla mai laushi, wadda in ka danna ta a ramin harsashin libarbar, bakin ramin zai aske mata zobe siriri. Shi ya sa na gwada. Wallahi na gwada! Ya miƙo min curi ɗaya, na karce shi da farce, farcen ya shiga. Na sake shi a kan siminti, ya faɗi tim, bai yi ƙara ba. Har ya dafa kafaɗata yana cewa daga tsofaffin bututun ruwa ya narko ta. Wannan dafawar ce ta hana ni barci. Curin nan daga aljihunsa ya fito, ba daga bokitan da ya sayar min ba. Ina kallo ya zaro shi.

Ranar Asabar na ɗora tukunya. A'a, kafin nan ma na kira shi na yi masa godiya, a lokacin lambar tana shiga. Dalma tana narkewa a digiri 327 na Salshiyas, ta kwanta sumul, amma wannan sai ta yi gudaji kamar kunun da bai damu ba. Tutiya ce a ciki, irin ta ƙarafan da ake maƙala wa tayar mota. Ta lalata min har laba goma tawa mai kyau da na zuba a kai. Ta bokiti na biyu ta narke, amma ƙwallayen suka yi taurin da sai da na lanƙwasa sandar libarbar da ake danna ƙwallo da ita a filin harbi, a gaban mutane.

Hotunan tukunyar da na saƙonninmu suna nan, zan sa su da daddare. In za ku saya, ku zaɓi curi da kanku daga ƙasan bokiti.

Sau goma sha ɗaya na kira shi yau, wayar a kashe. Dala 240, ga kuma kuɗin gyaran sanda.