Akwatin kayan aiki mai taya: na kamfani mai araha ko na mai walda?

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwanmu daga Birnin Kebbi ya yi tambaya a kan akwatin ajiye kayan gyaran mota, irin mai tayoyi da aljihuna a jere. Ya ce yana da Toyota Corolla da babur da ƙaramin janareto, shi yake yi musu ƙananan gyare-gyare da kansa, kayan aikinsa suna zube a cikin tsohon bokitin fenti inda yara ke ɗauka, garejinsa kuma rumfar kwano ce mai daɓen siminti wanda ya fara farfashewa. Ya ga tallan wani sabon akwati mai aljihu bakwai, cike da kaya, wanda za a aiko daga Legas, sannan wani mai walda a unguwarsu ya ce zai iya ƙera masa. Kuɗin da ke hannunsa na ɗaya ne kawai, shi ne yake neman a kwatanta masa su.

Malam, kafin a kai ga wanda ya fi, ya kamata ka san cewa abu uku ne suke raya irin wannan akwati ko su kashe shi: kaurin ƙarfen jikinsa, da ƙarafan gefe da aljihu ke zamewa a kansu, waɗanda zan riƙa kira layin aljihu, da kuma tayoyi. Yawan aljihu da ƙyallin fenti da adadin kayan da aka cusa a ciki su ne ake nunawa a talla, amma ba su ne za su dame ka ba bayan shekara biyu. Tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023 kayan waje suka yi tsada, akwatin da ya rage da araha kuwa an rage masa wani abu ne, kuma galibi a cikin waɗannan ukun ake ragewa, domin su ne ba a gani a hoto.

Mu fara da ƙarfe. Akwatunan kamfani masu rahusa ana yin su da fallen ƙarfe mai kaurin milimita 0.6 zuwa 0.8, masu matsakaicin kyau kuma suna kaiwa 1.0 zuwa 1.2. Wannan bambanci yana kama da ƙarami a takarda, amma ƙarfin da falle yake da shi na ƙin lanƙwasa ba ya tafiya kai da kai da kaurinsa, yana ninkuwa ne sosai: falle mai milimita 1.2 ya fi mai 0.8 tauri fiye da sau uku. Shi ya sa aljihun akwati mai araha yake lotsawa a tsakiya idan an zuba masa soket da guduma, har ya riƙa gogar na ƙasa da shi. Mai sayarwa ba lallai ya san kaurin ba, amma nauyi yana rubuce a jikin kwali, kuma nauyi ba ya ƙarya. A ganina, akwati mai aljihu bakwai mai faɗin inci 26 ko 27 wanda bai kai kilo 50 ba alhali babu komai a cikinsa, ƙarfensa ya yi siriri ga mai ajiye kayan mota. Ka nemi a faɗa maka nauyinsa shi kaɗai, ban da kayan da ke ciki. A wannan fanni mai walda ne yake gaba, kuma dalilin yana cikin aikin nasa ne: waldar wuta da ake yi a garuruwanmu tana huda falle mai siriri, saboda haka dole ya yi aiki da 1.2 ko 1.5, a kan ƙashin ƙarfe mai kusurwa na inci ɗaya da rabi. Falle guda mai ƙafa 4 da 8 a kaurin 1.2 yana da nauyin kusan kilo 28, na 1.5 kuma kusan kilo 35, don haka za ka iya ƙiyasta nauyin akwatin tun kafin a yanka komai. Ka je da kanka wurin sayen fallen, ko ka sa a auna a gabanka, domin a kasuwa ana kiran falle da kaurin da bai cika ba.

Layin aljihu shi ne inda lamarin yake juyawa, kuma a nan nake son in daɗe, domin a nan ne akwatin walda yake lalacewa tun ranar da aka ƙera shi. Iri biyu ne: akwai wanda ƙarfe ke gogar ƙarfe kawai, akwai kuma mai ƙananan ƙwallayen boris a ciki. Na farkon yana da sauƙin kuɗi kuma ba ya tsoron ƙura, amma da an loda masa nauyi sai ya yi tauri, ka ja da hannu biyu har akwatin ya biyo ka. Mai boris yana fitowa gaba ɗaya har ka ga ƙarshen aljihun, masu kyau a cikinsu suna ɗaukar kusan kilo 45 a kowane aljihu, na akwatuna masu rahusa kuma sau da yawa rabin haka ne ko ƙasa. Injin kamfani yana lanƙwasa aljihu daidai da awo, kowane kamar ɗan'uwansa, shi ya sa ko akwati mai araha yake buɗewa da santsi a ranar farko. Mai walda kuwa da hannu da ido yake aiki, zafin wuta kuma yana murɗa falle. Layi mai boris yana buƙatar ratar rabin inci, wato milimita 12.7, a kowane gefe, kuma kuskuren da yake jurewa bai kai milimita ɗaya ba. Idan ratar ta matse aljihu zai cije, idan ta yi yawa ƙwallayen za su zube. Saboda haka, idan walda za ka bi, ka fara sayen layin daga masu sayar da kayan kafinta, mai faɗin milimita 45, ka kai wa maƙerin ya gina aljihun a kansa, kuma a ɗaure shi da noti, kada a yi masa walda, domin zafi yana ƙone giris ɗin ciki kuma ranar canji sai an yanke. Ka nemi wanda yake yin ƙofofin ƙarfe kuma yake da injin lanƙwasa falle, ba mai haɗa rumfa da gadon ƙarfe kaɗai ba. Akwai wata hanya da na fi amincewa da ita ga mai ƙaramin kuɗi: mai walda ya yi ƙashi da jiki da ƙofa, kafinta ya yi aljihunan da filawud mai kaurin milimita 18. Kafinta ya saba da wannan layi, a kullum yana sa shi a durowa, katako kuma ba ya murɗewa da zafi kuma ba ya ƙara idan an jefa sifana. Tun da akwatin yana kan taya, bai taɓa ƙasa ba, gara ba ta samun hanya cikin sauƙi.

Duk da haka dole in ba na kamfani haƙƙinsa. Aljihunansa na sama marasa zurfi ne, santimita 5 zuwa 7, kuma wannan shi ne daidai ga sifana da sukudireba da filaya, kowane a kwance shi kaɗai, kana buɗewa ka ga lamba 10 da 12 da 14 da 17 waɗanda motar Japan take ci. Mai walda da kafinta sun fi son aljihu mai zurfi domin ya fi sauƙin yi, aljihu mai zurfi kuwa ƙaramin bokiti ne, kaya za su sake hawa kan juna. Idan ka zaɓi na gida, ka tsaya a kan cewa biyun sama su zama marasa zurfi ko da an yi maka ƙorafi.

Tayoyi su ne abu na uku, kuma daɓen da ka siffanta ya sa sun zama masu muhimmanci a gare ka fiye da wani. Akwatuna masu araha suna zuwa da taya mai inci 3 ko 4 ta busasshiyar roba, wadda aka yi domin daɓe mai santsi. Irin wannan taya tana tsayawa cak a bakin tsagar siminti ko kan ƙaramar tsakuwa, saman akwatin kuma ya ci gaba da tafiya, ta haka ne yake kifewa. Abin da kake buƙata shi ne inci 5, biyu masu juyawa da birki a gefen da mariƙi yake, biyu kafaffu. Wajen lissafin nauyi ka raba da uku, ba da huɗu ba, domin a daɓe marar daidai taya ɗaya takan kasance a sama: idan akwati da kayansa sun kai kilo 180, kowace taya ta iya ɗaukar aƙalla kilo 60. A akwatin walda kai ne za ka sayo tayar da kake so. A na kamfani ma ana iya canzawa, amma ƙasan da aka ɗaura ta a kai falle ne siriri, sai an ƙara masa ƙarfe, wato ka koma wurin mai waldar da ka guje wa.

Sai yanayinmu. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, rumfar kwano kuma ba ta tare komai. Akwatin kamfani yana da rata tsakanin aljihu da aljihu, ƙura tana bi ta nan ta haɗu da giris ɗin layi ta zama wani taɓo mai cin ƙwallayen a hankali. Maganinsa shi ne a rufe shi da tamfol, a kuma wanke layin da kananzir a ƙarshen hunturu a sa mai kaɗan. Na walda ana iya yi masa ƙofa guda da za ta rufe aljihunan duka, kuma wannan ƙofar tana maganin abu uku a lokaci ɗaya: ƙura, da aljihu mai zamewa ya buɗe yayin turi, da hannun yara. A kanta za ka sa kwaɗo, wanda idan makullinsa ya ɓata ka sayi wani a kowace kasuwa, saɓanin ɗan makullin akwatin kamfani da ba a samun madadinsa a nan. A wajen tsatsa kuwa na kamfani ya yi nasara ba tare da gardama ba, domin fentinsa gari ne da ake gasawa a jikin ƙarfe a zafin da ya kusa digiri 200, yana jure man inji da gogayya. Fentin mai walda, idan an fesa shi kai tsaye a kan ƙarfe, damina biyu ta ishe shi, musamman ga 'yan'uwanmu na Yauri da Bagudo da ke kusa da kogi. Ka sa a goge ƙarfen, a shafa jan fentin hana tsatsa ciki da waje har da ƙasa, a bar shi ya bushe, sannan a yi na sama.

Game da kayan da aka ce akwatin yana cike da su, shawarata ita ce kada su shiga lissafinka. Adadin da ake rubutawa ya haɗa da kowane ɗan kan sukudireba, tambarin Cr-V kuma, wanda ake sa wa sifana da soket don nuna an yi su da ƙarfe mai ƙwari, kowa yana iya buga shi a jikin ƙarfe. Mai Corolla yana buƙatar jerin soket guda mai kyau, da sifana daga 8 zuwa 19, da lamba 21 ta notin taya, da abin kwance filogi da na matatar mai, kuma da alama rabinsu suna cikin bokitinka yanzu. Sifana marar kyau tana cinye kan noti, gyaran wannan kuwa ya fi kuɗinta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Idan na kamfani ka fi so, ka nemi fanko, kuɗin da ya ragu ka ƙara a sami mai nauyi. Kamfanoni irin su Ingco da Total, waɗanda kayansu suka cika kasuwanninmu, suna yin irin waɗannan akwatuna a matakai daban-daban, don haka suna kaɗai ba ya gaya maka matakin da aka kawo maka.

Akwai kuma hanya. Akwatin da ya taso daga Legas zai bi ta Ilorin da Jebba da Kwantagora da Yauri da Jega kafin ya iso gare ka, a ƙarƙashin wasu kaya, kuma lotsawa ɗaya a kusurwa ta isa ta hana aljihu uku rufewa. Kuɗin mota ma a kanka yake. Idan kana da wanda zai duba maka a Kano, a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, ya ja kowane aljihu ya danna tsakiyarsa da hannu kafin a biya, ya fi sayen abin da hoto kaɗai ka gani. A can ne kuma wani lokaci ake dacewa da na hannu, ɗan Beljiyam, wanda idan layinsa da tayoyinsa suna lafiya ya fi duka biyun nan, sai dai ba abu ne da ake samu ranar da ake nema ba.

Da ni ne a matsayinka, da wannan daɓe da wannan rumfa da yara a gida, na gida zan yi: tsayinsa zuwa ƙugu domin samansa ya zama teburin aiki, faɗi kusan santimita 70, zurfi 45 zuwa 50 domin kada ya yi saurin kifewa, aljihu huɗu, sannan fili a ƙasa na jak da galan ɗin mai, domin nauyi ya zauna a ƙasa. Zan koma ga na kamfani ne kawai idan garejin ɗaki ne rufaffe mai daɓe mai santsi, kayan kuma ƙanana ne masu yawa, ko kuma idan babu maƙerin da na ga aikinsa da idona na gamsu. Wannan sharaɗi na ƙarshe ba ƙarami ba ne, domin akwatin walda marar kyau ya fi na kamfani mai araha muni, ga nauyi ga cijewa.

Idan kun daidaita da mai waldar, ku rubuta awo da kaurin falle da ranar gamawa a takarda, kai ka sayo layi da tayoyi da kwaɗo da hannunka, ka ba da kuɗin ƙarfe tukuna, ladan aiki kuma ya jira. Ranar karɓa ka je da kayanka masu nauyi, ka zuba su a aljihu, ka ja kowane har ƙarshe ka mayar, ka buɗe biyu a tare ka ga ko akwatin zai rinjaya gaba, ka tura shi a kan ƙasa marar daidai ka taka birki. Duk gyaran da za a yi, a yi shi a nan kafin a shafa fenti na ƙarshe, kafin kuma ka cika kuɗin.