Rigar ruwa ta kare: mariƙin bayanta ne ya biya kuɗina

Rigar dai, wadda ke hana kare nutsewa a ruwa, soso ne mai tauri a ciki, an lulluɓe shi da yadi ruwan lemo, da maɗauri biyu a ƙarƙashin ciki da ɗaya a wuya. A wani shagon kayan dabbobi na Abuja na same ta, don a Kano duk wanda na tambaya dariya yake yi: "Haba Malam, kare ma sai da rigar ruwa?" Tsada kam tana da tsada.

Gonar kifina tana wajen Kura, gefen kanal ɗin noman rani da ke kawo ruwa daga madatsar Tiga. Duna, karen gadina, haɗin Boerboel, wani babban karen Afirka ta Kudu, ne da na gida, ga ƙirji ga nauyi. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, kare kuwa ba ya gumi irin namu, da haki yake rage zafin jiki. Da ya ga ruwa sai ya afka. Iyo kam ya iya, fitowar ce aiki. Bangon kanal siminti ne da gansakuka ta mayar da shi santsi, sai ka ga kare yana kartar bangon da farata yana zamewa, ruwa na jansa, har ƙarfinsa ya ƙare.

A nan rigar ta nuna kanta. Tana ɗago ƙirjinsa, hancinsa ba ya nutsewa ko ya gaji. Abin da ya fi burge ni shi ne mariƙin da aka ɗinka a gadon baya. Yaron da ke taya ni aiki yakan kwanta a bakin kanal, ya miƙa hannu ya cafke mariƙin, mu biyu mu fizgo shi waje. Kafin rigar sai dai a kama abin wuya, wanda shaƙe shi yake yi, ko a kama fata, kare a firgice kuma cizo ba ya masa wuya. Ɗinkin mariƙin bai ko motsa ba duk nauyin Duna.

Kada a saya da ka. A auna zagayen ƙirjin kare da tef, daidai bayan ƙafafun gaba, a je da awon. In ta yi yawa zai zame ya fita ya bar ka da riga a hannu. In an ɗaure, yatsu biyu su iya shiga tsakaninta da jiki.

Aibinta ɗaya babba: a tudu zafi gare ta. Soso ne, yana riƙe zafi, don haka da ya fito nake cire masa in rataye a inuwa. Barinsa da ita tsakar rana neman kashe shi ne. Ƙaiƙayi ma yana maƙalewa a maɗaurin, sai an bi da buroshi.

Kuma riga ba ta tace ruwa. Kududdufin da ya kwanta samansa ya yi kore shar kamar an zuba fenti, wannan ba na barin Duna ya kusance shi ko da riga, don irin wannan gansakukar tana iya ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kare kuma yana sha, yana lasar jikinsa. Akwai leptospirosis, cutar da fitsarin ɓera ke sakawa a ruwa, ita da allurar rigakafi ake kauce mata, wajen likitan dabbobi. Bayan iyo ina ɗauraye shi da ruwan burtsatse in goge masa cikin kunne. Mu ma mutane ba ma shiga bin sa, saboda tsargiya.

A tankunan kifi na siminti kuwa katako na jingina, na buga masa buhu da ƙusa don farata su sami abin kamawa, na koya masa hanyar. Mai tanki kawai wannan ya ishe shi. Wanda karensa ke yawo bakin kanal ko dam, musamman mai nauyi ko tsoho ko gajeren hanci irin bulldog, ya daure ya sayi rigar, ya fara jan mariƙin da ƙarfi tun a shago.