gcc -E ko gcc -E -P?

Duka biyun suna sa GCC, manhajar da ke fassara shirin C zuwa harshen na'ura, ya tsaya bayan matakin share fage (preprocessing, inda ake warware #include da #define), kowane sharhi (comment) kuma ya koma gurbi ɗaya. Wurin layuka ne suka rabu.

-E kaɗai yana kiyaye lissafin layi. Layukan da ba komai a cikinsu, in kaɗan ne ya bar su, in sun yi yawa ya sa alama irin # 40 "gwaji.c". Da ita ce saƙon kuskure ke nuna ainihin layin. Ba kyan gani, amma ga mai farautar kuskure, ita ce.

-P yana share alamomin, ya matse layukan. Ya dace da fayil ɗin da ba C ba. Haka ake samar da vmlinux.lds, fayil ɗin da ke tsara yadda ake haɗa sassan kernel na Linux.