Gargaɗi: matar da ke sayar da "maganin yunwa" a Instagram ta cinye mini dala 600

Dala 600 wata mata ta karɓa a hannuna da sunan za ta warkar da ƙanwata daga ciwon cin abinci, ta bar mini yarinya cikin halin da ya fi na da muni. Dala 600. Ina rubutun nan hannuna yana rawa. Ta riga ta canza sunan shafinta, amma hotunan hirarmu suna nan a wayata tare da shaidar tura kuɗin, duk zan saka su ku gani da idonku.

Ƙanwata tana fama da bulimiya. Za ta yini ba ta sa komai a baki ba, dare ya yi ta ci har sai cikinta ya ɗaure, sannan ta shiga banɗaki ta zura yatsa a maƙogwaro. Bayan yatsunta har ya yi kanta saboda gugar haƙora. Wanda bai zauna gida ɗaya da mai wannan ciwo ba, ya yi mini shiru.

Masu cewa "ya aka yi kika yarda", ku saurara. Ban gaya wa matar nan komai ba sai cewa ƙanwata tana ci tana amayarwa. Sai ta rubuto: "'Yar uwa, in ta shiga banɗaki tana buɗe famfo don kada a ji ta, ko?" Wallahi sai da na ajiye wayar. Tana buɗewa. Kullum tana buɗewa, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Har yau in na kwanta tambayar nan ce ke dawo mini, tana buɗe famfo, ko? Daga baya likita ya ce kusan duk masu ciwon suna irin wannan ɓoye-ɓoyen, duk wanda ya ɗan yi karatu a kai zai iya cankowa. To a daren nan wa zai gaya mini haka?

Kuma ban tura ko sisi ba sai da na bincika maganarta. Ta ce akwai sinadarin ghrelin da ciki ke fitarwa yana tayar da yunwa, masana a Japan suka gano shi a 1999. Ta ce akwai leptin da kitsen jiki ke fitarwa yana sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki yana da ajiya, Jeffrey Friedman ya gano shi a Jami'ar Rockefeller a 1994. Na duba ɗaya bayan ɗaya, duk gaskiya ne. Mace da farar rigar likita a hoto, tana kawo shekaru da sunaye daidai, ta san zancen famfo. Duk mai hankali a matsayina zai tura.

Dala 250 na ƙwayoyin da ta ce leptin ne. Dala 200 na tsarin abinci. A'a, akwai wata dala 150 da ta zo a tsakiya, wai kuɗin "duba sinadaran jiki", alhali hoton harshen yarinyar kawai ta sa na ɗauka na aika. Ko dai bayan ƙwayoyin sun iso ne, zan duba. Duka dai 600. Kuɗin da na daɗe ina tarawa don wata buƙata daban.

Tsarin abincin ne ya fi ƙona mini rai. Kalori 800 a rana, ba ci bayan la'asar, wai don ƙwaƙwalwa ta "koma daidai". Ƙanwata ta daure, sannan ta ɓarke da ci fiye da yadda na taɓa gani. Da na faɗa wa matar, sai ta tura wa yarinyar saƙon murya kai tsaye cewa ba ta da ƙarfin zuciya, ita ce ke ɓata maganin. Na same ta zaune a ƙasa tana cewa, "Yaya, ni ce matsalar, ki daina kashe kuɗinki a kaina." Allah ya isa tsakanina da matar nan.

Ga gudawa, ga bugun zuciya, ranar da jiri ya kwashe ta muka tafi asibiti. Gwajin jini ya nuna sinadarin fotashiyam ɗinta ya yi ƙasa, wanda amai da gudawa ke zubarwa, kuma ƙarancinsa yana iya rikita bugun zuciya har ta tsaya. Likitan ya juya kwalbar a hannunsa, babu jerin abin da ke ciki, babu lambar rajista. Ya ce leptin furotin ne, in an haɗiye shi ciki zai narkar da shi, shi ya sa 'yan tsirarun da ke buƙatarsa da allura ake ba su. Ya ce a irin waɗannan ƙwayoyin rage ƙiba an sha kama sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwar Amurka da Turai a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki.

Shi ne ya ba ni labarin gwajin da wani masani, Ancel Keys, ya yi a jihar Minnesota ta Amurka, 1944 zuwa 1945. Maza 36 lafiyayyu aka rage wa abinci kusan rabi na wata shida, suka zubar da kamar kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Abinci ya cika musu tunani, wasu har tara littattafan girki suke, da aka sake su wasunsu suka dinga ci ba tsayawa. Yunwar ce da kanta ke haifar da ɓarkewar cin. Shi ya sa maganin bulimiya yake farawa da cin abinci a kan lokaci, sau uku da ɗan taɓa ka lashe a tsakani, tare da zama da likitan halayyar ɗan Adam. Matar nan akasin haka ta sayar mini. Na biya dala 200 aka ƙara wa ƙanwata ciwo, cikin 600 ɗin nan.

Da na nemi lambar lasisinta sai ta toshe ni. Kafin nan ma ta so in ƙara 100 na "zagaye na biyu".

Kada ku sayi ƙwayar yunwa a intanet, ku kai mai ciwon asibiti. Ku nemi lasisi kafin kuɗi. Wadda ta taɓa tura wa matar nan kuɗi ta yi mini magana ta akwatin sirri, ina haɗa shaidu zan kai ƙara, kuma saƙon muryar da ta yi wa ƙanwata shi zan fara sakawa.