Aksul bayan karo: a miƙe ko a canza?

Idan Hilux ɗinka ta yi karo aksul ɗin baya (ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya biyu) ya lanƙwashe, maƙeran Panteka za su gasa shi su miƙe maka da araha. Amma ƙarfen da ya sha wuta ba ya komawa yadda yake. Karkata kaɗan ta isa ta riƙa cinye taya da boris ɗin da tayar ke juyawa a kai, man giya na ɗiga, kuma ramukan hanyar Birnin Gwari ba sa yafiya.

Sayen na Beljiyam (na hannu da aka shigo da shi daga waje) ya fi tsada, amma ni dai shi nake zaɓa. Sharaɗi ɗaya: bakanike ya ƙirga haƙoran giyarsa, lissafin ya dace da na aksul ɗin gaba. In sun saɓa, ranar da ka sa giyar da ke jan ƙafa huɗu za su yi ta ja-in-ja har wani abu ya karye.