Sun bibiyi raunina kwana 30, sannan suka rufe fayil

Tiyatar cire ƙarin da ke kafaɗata ba ta ɗauki rabin sa'a ba, don haka ba zan tsaya a kanta ba. Abin da ya sa nake wannan sharhi a kan asibitin da aka yi mini ita shi ne daren kwana na biyu, lokacin da na farka na tarar bandejin ya jiƙe sharkaf da jini. Na kira lambar da suka ba ni ba tare da sa ran za a ɗauka ba, sai ga ma'aikaciyar jinya ta amsa. Tambayarta ta farko ita ce ko ina shan asfirin, domin yana hana jini daskarewa da wuri, kuma lallai ina sha. Ta ce in danne wurin minti 20 ba tare da ɗagawa ina leƙawa ba, kuma jinin ya tsaya kamar yadda ta faɗa.

Washegari likitan ya duba ɗinkin, ya rubuta abin da ya faru a rajistar da suke tara matsalolin bayan tiyata, wato zubar jini, shigar ƙwayoyin cuta da buɗewar rauni. Ya bayyana mini cewa ana ƙidaya shigar ƙwayoyin cuta wurin tiyata ne cikin kwana 30, shi ya sa za su ci gaba da kirana suna tambayar ja, zafi ko mugunya. Sun cika alkawari, kuma a lokacin babu wanda ban yaba musu a gabansa ba.

Sai dai a wata na uku tabon ya fara tudu yana ƙaiƙayi, ya zarce iyakar yankan. Keloid ne, wanda ya fi kama masu baƙar fata, kuma kafaɗa na cikin wuraren da ya fi fitowa, amma babu wanda ya tambaye ni kafin tiyata ko fatata na yin irin wannan tabo. Da na koma, an yi mini allurar sitiroyid ta rage tudun tabo cikin ladabi, sai dai da na nemi a shigar da shi rajistar, aka ce fayil ɗina ya rufu tun kwana na 30. Wannan ya ɓata mini rai fiye da tabon kansa, domin a lissafinsu ni mai jinya ne da ya ɗan zubar da jini ya warke sarai, alhali har yau ba na iya kwanciya a kan wannan kafaɗar.